Amsar Mai Shago

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana goma sha tara.

Yau na buɗe shago. Ba don raina ya so ba. Hajjo ce ta ce in na ci gaba da zama ɗaki ina kallon ƙofa, shinkafa za ta yi ƙwari, ni kuma in kwanta ciwo. Ita ke dafa mana abinci tun ran da munka kafa Inuwar Matafiya a bakin titin Shagari, kuma ta girme ni, shi ya sa take gaya mani magana ba kwana-kwana. Wanga littafi na shirin darasi ne da ya rage mani tun ina koyarwa a firamare. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa yara Hausar littafi, amma in na gaji hannuna gida yake komawa, kuma ba mai ba ni maki yanzu.

Malam Musa ya zo, wakilin kamfanin motocin da ke tsayawa wurinmu cin abinci da salla. Ya yi mani jaje, ya daɗe yana murza hula, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Wai ɗiyar mai kamfani ta karɓi ofis, ta ce daga ƙarshen wata motocinsu ba su tsayawa ko'ina sai wurin da ke da tauraro huɗu a taswirar waya. Namu uku da ɗigo takwas ne. Ya ce ba ma wannan ya fi damunta ba, akwai wani sharhi da ke zaune saman shafinmu. Ya nuna mani hotonshi da ta turo mashi. Turanci ne, na karanta da kaina:

Abinci ba laifi. Amma tsohuwar wurin tana wulaƙanta ma'aikacinta, ko sunanshi ba ta kira, ba ta duban fuskarshi. Ba zan dawo ba. Tauraro biyu.

Shekara biyar da rubuta shi. Mai rubutun ba ta sa fuskarta ba, hoton wani furen ɗorawa ta sa. Tsohuwar ni ce, Nana Hauwa. Ma'aikacin kuwa mai shago ne, ɗana na fari, wanda ya fita ran wata Laraba, yau kwana goma sha tara, bai dawo ba.

Motocin nan su ne rabin cinikinmu. In sun daina tsayawa, ban san me zan ce wa Hajjo da mata biyu masu wanke-wanke ba.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Na tafi Bodinga wurin Shaihu mai shagon kwamfuta. Ni na koya mashi ABCD, ga shi yau da furfura a gemu yana koya mani taurari. Na ce ya goge mani maganar Mai Fure. Ya ce ai ba allo ba ne, Malama, ba a gogewa da tsumma. Sai dai a kai ƙara wurin masu taswira. Na ce ina ofishinsu, in je da kaina. Ya ce ba su da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Wata 'yar tuta ake latsawa, a zaɓi dalili cikin waɗanda sunka jera: zagi, talla, ƙarya, ko maganar da ba ta shafi shagon ba. Na duba jerin sau biyu. Babu “ya tsufa”, babu “ba ta san mu ba”. Munka zaɓi ƙarya.

Ya ce da za mu iya shiga shafin a matsayin masu shi, da abin ya zo da sauƙi. Amma mai shago ne ya buɗe shi da lambar wayarshi. Shaihu ya gwada. Allo ya rubuta cewa an tura lambobi shida zuwa wayar da ta ƙare da 47.

Lambar mai shago ce. Shaihu ya tashi ya ce bari ya duba janareta, alhali akwai wuta.

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Na kira wayar mai shago, a kashe. Sau huɗu.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Na tuna Mai Fure. Wata 'yar hidimar ƙasa ce daga kudu, siririya, da farar riga da takalmi mai igiya. Lokacin rumfar zana ce da mu, ba wanga rufin kwano ba. Mai shago ne ya kai mata tuwon shinkafa, ya samo mata cokali, ya nemo mata mai babur zuwa Dandin Mahe. Da za ta tafi sai ta tsaya kaina tana ta yabonshi da Turanci, wai wane ne wannan, ina na samo mai hankali haka. Shi kuma yana tsaye. To me zan ce? In buɗe baki gaban direbobi in ce ɗana ne, ku zo ku gani? Na kau da kai na ce wani yaro ne kawai, ba wani abin kirki yake yi ba. Na tura mashi kwanon abincinshi da gefen hannu na ci gaba da dama fura.

Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Ni ma haka na tashi na gani, haka na yi. Ba wanda ya taɓa ce mani laifi ne sai wata mai fure da ta zauna minti ashirin.

Abin ya ɓata mani rai, ban ɓoye ba. Na gaya wa Mu'minat, matar mai shago, ina tsammanin za ta taya ni faɗa. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince wake. Gida guda, mata biyu, ba mai iya ambaton sunanshi: ita ta ce Baban Maimuna, ni in ce mai shago.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

Hajjo ta kawo dabara. Ta ce tunda ƙidaya ce, mu fi su yawa. Masu zuwa jaje ba su yanke ba har yau, daga Sifawa, daga Danchadi, dangin mijina marigayi Malam, tsoffin ɗalibaina. Duk wanda ya ce me za mu yi maki, Malama, a ce ya shiga taswira ya ba Inuwar Matafiya tauraro biyar. Na ji nauyin abin, amma na gaji da cewa ba komai, addu'a kawai. Aƙalla wannan aiki ne da hannu ke iya yi.

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Huɗu da ɗigo shida! Shaihu ya kira ni yana dariya. Mutum talatin da huɗu cikin kwana biyu, rabinsu a shagonshi sunka yi layi ya taya su.

Na ce ya karanta mani. Dariyar ta tsaya. Na ce karanta, ai ni na sa su.

Ba wanda ya ambaci tuwo. Ba wanda ya ce furarmu ta yi. Allah ya bayyana shi. Allah ya dawo da shi lafiya. Allah ya ba Malama haƙuri. Wani dattijo daga Danchadi ya sa an rubuta mashi addu'a guda cif da Larabci. Mutanenmu ke nan, ka ba su wurin rubutu a irin wanga hali, abin da za su rubuta ke nan.

Na ce ya isa. Na shiga bayan shago na wanke tukwanen da an riga an wanke.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan azahar

An share su duka. Talatin da huɗu, ko ɗaya bai tsira ba. Shaihu ya ce na'ura ce ke tacewa, ba mutum ba. Ta ga taurari sun zubo lokaci ɗaya, daga wuri ɗaya, kuma ba maganar abinci, sai ta ɗauka na bogi ne. Mutanen da sunka ci tuwona shekara tara su ne na bogi. Wadda ta zauna minti ashirin ita ce ta gaskiya, tana nan daram a sama, don wai mutum goma sha ɗaya sun latsa cewa maganarta ta amfane su.

Uku da ɗigo takwas. Kamar ba a yi ba.

Asabar, 14 ga Satumba, da safe

Wata guda. Gero ya nuna a gonar bayan gari, ban san wa zai yanke shi ba.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe uku

Amsar ƙara ta zo. Layi biyu. Sun duba, sharhin bai saɓa ƙa'ida ba, sun gode.

Na sauke wa Shaihu abin da ke cikina, bawan Allah, kamar shi ya rubuta. Na ce shekara biyar fa. Rumfar da ta zauna ciki gara ta cinye ta, bencin an yi itace da shi. Yaron da na koyar aji ɗaya, in ya zo aji shida ba na ɗauko sakamakonshi na aji ɗaya in yanke mashi hukunci. Su waɗanga ba su san mutum na canzawa ba? Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, in da tsufa ke sa a cire, da an cire na direban Yawuri da ya rubuta cewa marigayi Malam ya ba shi shayi da bargo ran da motarshi ta lalace. Shi ma shekara shida ke nan. Ban san da wannan ba. Na ce wancan ai gaskiya ne. Ya ce ita ma Mai Fure abin da idonta ya gani ta rubuta.

Na ɗauki mayafina. Da zan fita na ce ya sake gwada shiga shafin. Ya ce Malama, ai lambar can za ta sake tafiya. Na ce na sani.

An tura zuwa 47. Ko tana ina, in akwai caji, ta yi ƙara.

Alhamis, 19 ga Satumba, da hantsi

Masu binciken ɓacewar mai shago sun sake zuwa da littafinsu. Tambayoyin ran nan, amsoshin ran nan. Wace riga ya sa, ƙarfe nawa ya fita, wa ya gan shi ƙarshe. Ana nan ana ƙoƙari. Na ba su ruwa.

Wani ya ce an ga mai kama da shi. Ba zan rubuta inda aka ce ba, wannan na uku ke nan.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Malam Musa ya leƙo. Kwana tara sunka rage. Ya ce ya roƙa mani, ɗiyar mai kamfani ta ce ba ta haɗa sunansu da wurin da ake cin zarafin ma'aikata. Cin zarafi. Na gaji har dariya na yi.

Shaihu ya ce saura hanya ɗaya. A sanar da masu taswira cewa Inuwar Matafiya ta rufe har abada, a buɗe sabon shafi da sabon suna da lambata. Tsohon ya nutse da duk abin da ke cikinshi, mai daɗi da marar daɗi, mu fara daga fari tas. Direbobi su riƙa rubutawa ɗaya-ɗaya, ba a garke ba. Na ce a yi. Munka sa Alhamis.

Da na gaya wa Mu'minat, ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta ce, “Duk yadda kika ce, Inna.” Ba ta ci abincin rana ba.

Litinin, 23 ga Satumba, da safe

Kwana arba'in. Wata ta zo tana zagaye-zagayen maganar sadaka. Ba wanda ya mutu a gidan nan, na raka ta har ƙofa.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Mun yi da Hajjo. Ta ce “rufe har abada” ba kalmar da za a rubuta ba ce a kan shagon mutumin da ake jira. Na ce kalma ce kawai a waya, tukunya na nan, murhu na nan. Ta ce to ki je ki dubi surukarki. Na ce da kalma da bakin mutum shida, wanne zan duba? Ta ɗaure kallabinta ta tafi ba sallama.

Ba ni da ƙarfin fushi ma. Ƙafafuna sun kumbura. Har yanzu kullum da rana sai na zuba abinci a kwanon mai shago na rufe na ajiye kan kanta, da yamma Hajjo ta ba masu wanke-wanke. Ba ta taɓa ce mani komai a kai ba, ni ma ban ce ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan azahar, a Bodinga

Ina rubutu a bencin ƙofar Shaihu kafin in tafi tasha.

Ya cika komai, saura latsawa ɗaya. Sai ya ɗauke hannu daga kan na'urar ya ce, “Malama, kafin in latsa. Kin karanta abin da ke ƙarƙashin maganar Mai Fure?”

Na ce wane abu? Ni hoton da Malam Musa ya nuna mani na gani, kuma daidai tauraro biyun anka yanke shi. Shaihu ya ce ya ɗauka na sani, shi ya sa bai taɓa tayar da zancen ba, ya ga kamar ba na son a taɓa wurin. Ya juyo mani allo, ya ƙara girman rubutu. Akwai 'yan kalmomi ƙanana: Amsar mai shago, shekara biyar da ta wuce. Ya rubuta da Turanci don ita, ya maimaita da Hausa a ƙasa. Na kwafe ta Hausar:

Mun gode da kika ci abincinmu. Matar da kika gani mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonshi gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba. Kin ga ta turo mani kwano ba ta dube ni ba, amma ba ki ga cikin kwanon ba. Naman da ya fi kowane kyau a tukunya yana ƙarƙashin tuwon. Haka take yi tun ina firamare, tana tsammanin ban gane ba. Don Allah kada ki rage mata tauraro saboda ni. In kin sake biyowa, furarki kyauta ce.

Ya sa sunanshi a ƙasa. Na bar wurin fili a nan.

Ashe ya sani. Shekara da shekaru ina tura naman ƙarƙashin tuwo da bayan ludayi, ina jin ni mai wayo ce.

Shaihu ya ce yana iya ɗaukar mani hoton amsar in ajiye, sannan mu rufe. Na ce in an rufe, matafiyin da ya nemi wurin abinci a Shagari zai gan ta? Ya ce a'a. Na ce to ba ni ya rubuta wa ba, su ya gaya wa. Ni ban taɓa tsayawa gaban mutane na ce nawa ne ba, shi ya tsaya gaban duniya ya ce tashi ce. Ba zan sa hannuna in sauke shi ba.

Na ce ya goge abin da ya cika.

Juma'a, 27 ga Satumba, da safe

Na tambayi Mu'minat ko ta sani. Ta ce tare sunka rubuta, tana amarya, sau uku yana gogewa yana sakewa. Ya ce kada ta gaya mani, kunya za ta hana ni zuwa shago. Ta ce kullum sai ta buɗe ta karanta tun ran Larabar da ya ɓace.

Mun yi kuka, kowa na kallon bango nata. Hajjo ta dawo aiki ba wanda ya kira ta.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe ɗaya da rabi

Na nuna wa Malam Musa amsar na ce ya tura wa ɗiyar mai gidanshi. Ya tura. Ta ce ta gani, Allah ya sa a dace, amma ƙa'ida tauraro huɗu ce, kuma an riga an shirya da wani wuri gaba da mu.

Motar farko ta wuce ɗazu. Direban ya yi mana oda sau biyu, ya ɗaga hannu. Hajjo ta rage mudu huɗu a shinkafar gobe. Na gaya wa ɗaya cikin masu wanke-wanke ta riƙa zuwa ran kasuwa kawai. Wannan ya yi mani ciwo, kuma ni na jawo.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana arba'in da tara.

Na ɗauko babbar wayar da ya saya mani bara, wadda na ce ban iya ba na jefa cikin adaka. Na kai wa Shaihu na ce ya buɗe mani suna a taswira, ni ma zan yi sharhi. Ya ce ba a yarda mai wuri ya yabi wurinshi ba, na'ura za ta gane, kwana biyu ko uku ta cire. Na ce na ji. Na ce in mutum ya rubuta, wa ake sanarwa? Ya ce wayar mai shago ake tura wa.

Na ce to nuna mani inda ake latsawa, ka juya baya.

Da yatsa ɗaya na rubuta, na fi minti goma. Tauraro biyar. Saifuddeen, abincinka yana nan a rufe. Inna.

Shekara talatin da huɗu rabona da sunan nan, tun ran da liman ya raɗa shi anka shigo cikin gida anka gaya mani. Ban san haka yake da tsawo ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da hantsi

An cire. Wai bai shafi shagon ba.

Mu'minat ta riƙe mani wayar, na sake rubutawa. Wannan karon minti huɗu ya ɗauke ni. Sannan na je na ɗora tukunya.